Faratan Hannun Dama

Jiya na ji ƙarar almakashin mai yankan farce a kasuwar Funtua, sai mijin gwaggona ya faɗo mini a rai. Ɗan Bosniya ne, makaɗin jita a manyan zauruka, kafin yaƙi ya koro shi. Hannun hagu kawai yake miƙawa a yanke, don da faratan dama yake kaɗa tsirkiya.

Wata Juma'a wani maƙwabci ya ce, "Malam, tsofai-tsofai da kai, wannan ƙazantar fa?"

Ya ce, "Alhaji, ana ruwan bama-bamai ma ban yanke su ba, balle don kai."

Da la'asar ya kaɗa a ƙofar gida, kamar yayyafi bisa kwano.

Da faratansa muka binne shi. Allah Ya jiƙan Baba, mijin gwaggona, masu surutu kuma Allah Ya ba su aikin yi.