Jan Biron da Ba Ta Buɗe Ba

Direban da ke kawo wa maɗaba'ar takarda bai san sunan yarinyar da ke duba rubutu ba. Yana jiran a sa masa hannu, idonsa na kanta: siririya, katin aiki sabo fil a wuyanta. Ta aza rula ƙarƙashin layi tana gangarawa da ita, leɓɓanta na motsi. Littafin wani marubuci da ya daɗe da rasuwa za a sake bugawa, ga tsohon bugun a gefenta, bangonsa duk salatif. Da gani nata ne tun na makaranta, wataƙila ma shi ya jawo ta aikin nan.

Edita ya tsaya a kanta. "Ƙanwata, jimlar nan layi tara ce. Na ce ki datse ta."

"Yallaɓai, jiya na karanta wa kakata ita, ba ta nemi hutu ba."

"Satinki nawa a nan?"

"Biyu. Ita kuwa jimlar shekararta sittin."

Ta miƙa masa jan biron, murfinsa a rufe. "In yankawa za a yi, ka yanka da hannunka."

Editan ya dubi biron, ya zura hannayensa cikin aljihu.