Kunnena a Tagar Malama Susanna

Ku matso, akwai sirrin Malama Susanna da zan faɗa muku. Amma sai kun fara sanin wace ce ita, in ba haka ba sirrin a banza zai tafi.

Susanna 'yar Jatau ce, mai gyaran keke a Muchia. Tun tana goye take surutu. Ranar da aka yi mata baftisma sai da fasto ya roƙe ta ta bari ya ƙarasa addu'a. In ta shiga kasuwar PZ sayen atamfa, masu shaguna rufewa suke su ce sun tafi sallah, ƙarfe goma na safe fa! To wannan matar ce ta buɗe aji a Samaru, jikin shagon ɗinkina, tana koyar da yara masu lalurar otizim, waɗanda magana ke yi wa wuya. Na ce shi ke nan, sati ɗaya yaran nan za su fara karanta labarai a rediyo.

Sirrin? Haba, ku yi haƙuri, ina zuwa.

Cikin yaran akwai Nana Hafsat, shekararta biyar, ba ta taɓa cewa uffan ba. Kakarta Hajiya Kaltume ke kawo ta, kuma burinta ɗaya, yarinya ta durƙusa ta ce mata ina kwana. Wata uku babu gaisuwa, Hajiya ta ce in Juma'a ta wuce ba ta ji komai ba, ta cire jikarta.

"Hajiya, ki bari ta fara gane abin da ake ce mata," in ji Susanna. "In na matsa mata yanzu, maimaitawa kawai za ta yi. Har da la'asar ina kwana za ta ce miki."

"Ke 'yar nan, ko na la'asar ɗin ne ina so."

Ranar Juma'a na yasar da ɗinkin mutane, na lallaɓa na manna kunne a tagar ajin. To ga sirrin: Susanna a cikin aji kalma biyu take yi. Biyu! "Hafsat, kofi." Sai ta kame bakinta, tana ƙirga goma da yatsu a bayan zani, har gumi take. Ta gefen labule na ga yarinya ta tashi ta ɗauko kofi. "Kawo takalmi." Ta kawo na Hajiya, wadda ke zaune a benci tana kallo. "Taɓa kunne." Ta taɓa. Ashe wata ukun nan abin da ake yi ke nan, a faɗa, a yi shiru, a jira.

"Aike kam ta iya," in ji Hajiya, tana yafa mayafi. "Bakin fa? Taso mu tafi."

Ni kuma don kada komai ya wuce ni, na ƙara cusa kai. Sai yarinyar ta tsaya, ta miƙa yatsa wajen taga, ta ce, "Kunne."

Hajiya ta koma kan benci daɓas. "Malama, kin ji? Da bakinta fa!" Ta share ido da bakin mayafi. "Litinin ƙarfe nawa za mu zo?"

Sai Susanna ta yaye labulen, muka yi ido huɗu.

"Maman Success, tunda kunnen ya shigo, ki shigo da sauran jikin. Amma ki sani, a nan kalma biyu ake yi."