Keke Ba Allura

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da na ga ƙafafun wani tela sun samu wurin zama. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ne, ina sabon ma'aikacin gashin ƙashi a Katsina, ana tura ni wajen masu taɓin hankali in sassauta musu gaɓoɓi.

Telan nan ɗan Ƙofar Guga ne, da can yana da rumfa a Babbar Kasuwa. Muryoyi yake ji. Magani ya kwantar da muryoyin, amma ya tayar masa da ƙafafu. Bawan Allah ba ya iya zama. Daga zaure zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa zaure, ko tuwo a tsaye yake ci yana taka ƙasa. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce maganin ne, ya canza masa wani, ya ce sai an yi haƙuri.

To, haƙurin ne babu. Yayansa, wani Alhaji, ya ci kansila, gida kullum cike da 'yan taya murna, ga ƙane yana ratsa su yana gumi. Da na je duba shi, Alhajin ya ja ni gefe.

"Malam, na yi magana da maƙeri. Mari za a sa mashi a ƙafa, kowa ya huta."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni nake miƙar da ƙafafun da mari ya nakasa, na san wasu ba sa ƙara miƙuwa. Na roƙe shi ya ba ni zuwa Juma'a. Ya amsa da ƙyar.

Babu abin da ban gwada ba. Ruwan ɗumi, tausa, miƙa jijiya, duk a banza. Har bin sa na riƙa yi muna zagaye tare, ni da ƙaton tumbina ina haki, shi ko a jikinsa. Na koma gida ni ma na kasa zama wuri ɗaya, har matata ta tambaya ko ciwon ɗauka ake yi.

Ranar Alhamis na lallashe shi ya ɗan zauna a benci, na tsuguna ina kallon ƙafafun. Yatsu ƙasa, diddige sama, diddige ƙasa, yatsu sama. Ashe keke suke takawa. Na tambayi mahaifiyarsa ina kekensa na ɗinki, ta ce an kulle tun farkon ciwon, saboda allura da almakashi. Na sa aka fito da shi, na kakkaɓe, na zuba mai, na cire allurar na ba Alhaji.

Ya hau. Keke ya ɗauki ƙara, kafaɗunsa suka sauka. Tun ana kallo a tsaye har aka nemi tabarma, bai tashi ba.

Washegari bayan an sauko daga masallaci sai ga maƙeri da marinsa a buhu. Ya tsaya bakin zaure yana kallon wanda aka ce ba ya zama. Tela ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, aljihunka ya yage. Tuɓo rigar." Sannan ya juyo wajen yayansa, ƙafa ba ta daina aiki ba. "Yaya, keke ba allura, wasan yara ne."

Ni dai ban san me zan ce ba idan aka tambaye ni ko a ba shi allurar. Ba a tambaye ni ba. Alhaji ya dubi ƙanensa, sannan ya zare allurar daga jikin hularsa ya miƙa masa. Maƙeri ya koma gida da ɗinkakken aljihu, marinsa na cikin buhu.

Ba warkewa ya yi ba, ciwon ya sha dawowa, kuma bai bar shan magani ba. Amma ƙarfe bai taɓa hawa ƙafarsa ba har ya bar duniya. Tun daga ranar, duk wanda aka kawo mini aka ce ya gagara, kafin in taɓa jikinsa sai na tambayi sana'ar da yake yi kafin ciwo, da kuma inda aka kulle kayan aikinsa.