Likkafanin Iya Hansai

Ku da kuka san kakata Iya Hansai, wa ya taɓa ganin hannunta babu mazari? A tsakar gida kaɗi, a bakin fadama wajen korar tsuntsu daga shinkafa kaɗi. Ko kwalekwale muka shiga za mu kasuwar Haɗeja, kowa na riƙe da gefen jirgi yana salati, ita tana lakato alli tana murza zare. Salla kaɗai ke raba ta da shi, ita ma da ta sallame sai ta lalubo abinta.

Ba na sayarwa take kaɗawa ba fa. Likkafaninta take tanadi. Cewa take yi tufar ƙarshe ce, da guminta take son ta tafi, ba da farin kanti na Turawa ba. Ita ke noma audugar a bayan gida, ta gurza, ta kaɗa, ta kai wa masaƙi, ta kuma zauna a kansa har ya gama don kada ya sirka mata da zaren wata.

Wata shekara Baba ya kai gyaɗa garin Malam Madori, ya dawo mata da yadin alawayyo fari sol daga kanti, wai ta huta. Ta karɓa, ta shinshina, ta ɗaga wa rana.

"Sule, wa ya kaɗa wannan?"

"Inji ne, Iya, can ƙasar Turawa."

"Injin yana alwala?"

Ba ta jira amsa ba, ta miƙa wa Baba abinsa.

"To ajiye masa kayansa. Ran da ya mutu sai a naɗe shi a ciki."

Matsalar Iya ɗaya ce: ita ke wa matan garinmu wankan gawa, kuma ba ta iya ganin talaka an rasa abin rufe shi. Likkafanin farko shekara biyu ta yi tana haɗa shi. Ko wata bai yi a adaka ba matar wani masunci ta rasu wajen haihuwa, gidan ko tsumma babu. Iya ta dawo tana huci, ta ɗauko, ta koma tana mita tun daga ƙofar gida har can. Na biyu ma haka, wata baƙuwa ya bi. Da na uku ya tafi sai ta tare Liman a hanyar masallaci.

"Malam, ka faɗa wa mutane kada wanda ya ƙara mutuwa sai bayan kaka. Auduga ta ƙare."

"Haba Iya, ai ba a hannunsu abin yake ba."

"Na sani. Amma dai a riƙa duba halin da mutum yake ciki."

Sai kuma zancen Ya Falmata, Babarbariyar nan maƙwabciyarmu. Shekara talatin suna rigima kan iyakar gonar shinkafa, wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Duk damina ruwa ya shafe iyakar, duk rani su dasa sabon faɗa. Da Ya Falmata ta rasu, 'ya'yanta suka sayo farin kanti. Iya ta shiga yin wanka, ta gani, ta fito ta aike ni in ɗauko nata. Na ce, "Iya, Ya Falmata fa?"

"Ita fa. So kike ranar tashin ƙiyama ta nuna ni a gaban jama'a ta ce na yi mata rowa? Kin san bakinta."

Ni na taya ta naɗewa. Da ta ɗaure ƙullin ƙarshe na ga hawaye a idonta. Ta sunkuya daidai kunnen gawar ta ce, "Falmata, na yafe miki komai. Amma gonar nan dai tawa ce."

Dariya muke yi duk shekarun nan, don gani muke kullum za ta kaɗa wani. Sai tsufa ya zo da gaske. Yatsun suka ƙage, ido ya dushe. Ta murza zare ya tsinke, ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Na ce in taya ta, ta ƙi. Wata rana da hantsi ta miƙo mini ɗan abin da ta tara a kwando.

"Ladi, ya kai?"

Ko ɗankwali ba zai yi ba. Na ce, "Saura kaɗan, Iya."

"Ƙarya kike, na ji muryarki." Ta karɓe abinta ta ajiye gefe. "Na san Allah ba tufa yake dubawa ba. Ni ce dai nake jin kunya."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ran nan, kuma wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ana tsakiyar damina ta rasu, bayan sallar asuba, kogi ya cika ya tumbatsa. Maza suka tafi neman tudun da za a haƙa kabari, Baba ya ce ba makawa sai a nemo farin kanti. Ina zaune ina kuka sai ga mata suna shigowa, wasu ta kwalekwale, wasu sun ratso ruwa har ƙugu, kowace da ƙullin saƙi a ka don kada ya jiƙe. Mu likkafani huɗu muka san ta bayar. Ashe har ƙauyukan wajen Auyo akwai gidajen da ta rufa wa asiri ba ta faɗa ba. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta ce mini, "Tun da muka ji hannunta ya ƙi muka kama kaɗi. Mun ji tsoron kawo mata tana da rai, korar mu za ta yi."

Muka harhaɗa muka ɗinke. Wani zaren kauri, wani siriri, da tana gani da ta tambaya wace mai gyangyaɗi ce ta kaɗa shi. Ɗan nata da bai kai ba, da shi muka yi ɗinkin.

Allah Ka ga yadda ta suturta bayinka, Ka suturta ta. Ka yalwata mata kabarinta, Ka sa ta huta. Amin.