Ƙarfen da ke Ƙafar Mati Wanzami

Shekara talatin Mati yana kafa wa mutanen ƙauyenmu ƙaho. Ya tsaga fata da aska, ya zuƙe, ya juye gudan jini baƙi a ƙasa ya ce, "Ga mataccen jinin da ke damunka." Ni maƙwabcinsa ne, kuma bayana ya sha askarsa. Mutum ne mai taurin kai, ga son a yaba masa.

A shekarar da masara ta gagari talaka, babur ya kayar da shi a hanyar Ɗanbatta. Ƙashin ƙwaurinsa ya ragargaje, har mai ɗori ya duba ya girgiza kai. Muka kai shi asibiti a Kano, aka sa masa ƙarfe.

Ina wurin sa'ad da likita ta yi masa bayani. Ta ce sunan ƙarfen taitaniyom, kuma an wanke shi da wani sinadari don ya yi kaushi. Jini ne zai fara maƙale masa ya daskare, a kan wannan gudan ƙashi zai tsiro ya riƙe shi.

"Baba, kada aska ta taɓa wurin nan. Idan ƙwayar cuta ta shiga ta zauna a kan ƙarfen, za ka iya rasa ƙafar."

Mati ya ce, "Wato gudan jinin ne ke aikin?"

Ta ce shi ne.

Da muka dawo gida ƙafar ta kumbura ta yi duhu. Masu dubiya kuwa, kowa ya zama likita. Wansa Sabo, shi ma wanzami, ya zo da zabirarsa ya shimfiɗa a zaure, gaban mutane.

"Jini ne ya kwanta, Mati. Miƙo ƙafar."

Na ji tsoro ƙwarai, don na san halinsa. Idan ya ƙi, ya ƙaryata sana'ar gidansu a bainar jama'a. Ya daɗe yana kallon ƙahon, sannan ya ja mayafi ya rufe ƙafar.

"Yaya, bar wannan. An ce jinin yana aiki."

Sabo ya naɗe kayansa ya fita, ko sallama babu. Kafin sati magana ta zaga gari cewa Mati bai yarda da ƙahonsa ba, kuma yawancin masu zuwa wurinsa suka koma wa Sabo. A shekara irin wannan, ba ƙaramar asara ba ce. Har yau ina jin haushin mutanenmu a kan haka.

Kumburin ya saɓe. Da damina ta zagayo, da ƙafarsa ya je gona.

Kwanan baya na kai masa bayana. Ya kafa ƙaho kamar kullum, ya juye gudan a ƙasa. Na jira ya faɗi abin da ya saba faɗa. Sai ya ɗebo ƙasa da hannu biyu ya rufe jinin a hankali.