Ƙugiya Mai Baƙin Kai

Akwai mai fentin mota a bakin layinmu. Duk ranar da iska ta kwaso warin fentinsa ta shigo da shi gidana, yarana sukan toshe hanci su tashi rufe taga, ni kuwa in ce su bar ta a buɗe. Warin nan saman wani bene yake mayar da ni, a unguwar Al-Ud cikin Riyad, ina yarinya mai giɓi, ga gwangwanaye a gabana, ga Kakana zaune a tabarma yana laluben ƙugiyoyi da yatsunsa.

Asalinmu masunta ne na Yawuri. Abbana ne ya fara barin ruwa a gidanmu, ya koyi tuƙi, har Allah ya kai shi Riyad yana jan motar ofishin jakadancinmu. A can na yi wayo, cikin shekarun casa'in. Ban shiga makaranta ba a lokacin, don ni ce babba, Umma kuma na fama da ƙannena. Larabcin maƙwabta da na baƙala, wato kantin unguwa, ya fi zama a bakina fiye da Hausa.

Kaka, mahaifin Abba, ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a Kogin Kwara, har yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Abba ya yi ta faɗi-tashi kafin ya samo masa bizar ziyara da likitan da zai yi masa aiki. Da ya iso, likita ya ce sai jininsa ya sauka tukuna, a jira. Wannan jiran ne ya kusa ɓata komai. Tsohon da ya saba kwana yana jin motsin ruwa, sai ga shi tsakanin bango huɗu. Ya ce garin ba ya warin komai, ko kukan kwaɗo babu. Ya rage cin abinci. Ni kaɗai yake wa dariya, don yana kirana amaryarsa, ina ce masa tsohon miji mai rowa.

Wata safiya ya kira Abba ya ce a yankar masa tikiti, gida zai koma. Na ji Umma a kicin tana cewa a hankali wuƙar likita yake tsoro, kogi hujja ce kawai. Ko ma mene ne, mun san in ya tafi ba za a sake samun bizar ba, kuma sauran ɗan hasken da yake gani zai tafi gaba ɗaya. Abba ya durƙusa ya yi ta ba shi haƙuri. Da ya rasa abin faɗi, sai ya ce ai ƙasar ma akwai ruwa, can kudu da gari wajen Ha'ir, har kifi ake kamawa. Kaka ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba.

Ya ce, "To, kai ni. In na jawo kifi da hannuna a ƙasar nan kafin azahar, na kwanta wa likitanka. In ban jawo ba, ka kai ni filin jirgi, kuma kada ka sake yi mini maganar."

Abba ya amsa, don ba shi da wata hanya. Kowa a dangi ya san Kaka ba ya mayar da magana in ta fita.

Sai aka shiga shiri. Abba ya kawo wata ƙugiya daga kasuwar Batha, irin wadda ake zuba wa dunƙulen dalma a kai a shafe shi da fenti, don ta nutse, kifi kuma ya hango ta. Kaka ya jujjuya ta a hannu, ya yaba dabarar, amma ya ce shi bai taɓa su da kayan da wani ya haɗa ba. Dole Abba ya bi masu faci ya tattaro guntayen dalmar da suke maƙalawa a ƙafar mota, ya roƙo ragowar fenti wajen wani mai gareji a unguwarmu. A saman bene Kaka ya murza laka ya yi mazubi da yatsa, Abba ya narka dalma a gwangwanin tumatir yana zubawa.

Saura shafa fenti. Abba na wurin aiki, ƙannena maza ba su isa ba, sai Kaka ya ce ni zan shafa. A gidanmu kuwa mace ba ta taɓa kayan su, haka muka tarar. Umma ta aike ni in tuna wa Kaka, tunda ita ba ta doguwar magana da surukinta. Ya ce in koma in gaya mata ba mace ya sa aiki ba, idonsa ya sa.

Haka na yi kwanaki a saman bene, cikin sanyin hunturu da rana mai daɗi, ina tsoma kawunan dalma a fenti ina ratayewa a igiyar shanya. Yana zaune yana ba ni karatu. Fari na lokacin da ruwa ya kwanta ya yi garau, irin ranakun da yakan ɗaura farin ƙyalle ya yaudari giwan ruwa. Ja na sabon ruwa ne. Rawaya kuma sai rana ta yi sanyi. Na ce akwai gwangwanin baƙi fa. Ya ce wannan in bar wa mota, shi bai taɓa ganin wanda ya jefa baƙin abu a kogi yana jiran alheri ba.

Akwai kai ɗaya da ya fito a karkace, da ƙuraje a jikinsa. Kaka ya shafa ya ce in yar. Ni kuwa tausayinsa ya kama ni, kamar yadda yara kan tausaya wa 'yar tsanar da ta rasa hannu. Na tsoma shi a baƙin fentin, da ya bushe na ƙulle shi a bakin mayafina.

Ranar Alhamis, da yake babu aiki, muka fita da sassafe mu uku. Muka bar gine-gine, muka shiga duwatsu da rairayi, Kaka na ta tsokanar Abba wai ko a cikin randa kifin yake. Can sai ya bar tsokanar. Ya ce a sauke gilashi. Na ga ya miƙe zaune yana buɗa hanci, tun kafin mu da muke da ido mu hango komai. Da muka sha kwana sai ga ruwa shimfiɗe tsakanin duwatsu, da dogayen ciyayi a gefe, da fararen tsuntsaye irin balbela.

Muka zaunar da shi a kan wani faffaɗan dutse. Ya ce, "Amarya, yaya ruwan yake?" Na faɗa masa da Larabci, Abba ya fassara ya ce kore ne. Kaka ya ce kore ai ba magana ba ce, ganye kore ne, ƙadangare ma kore ne, kore irin na me? Na duba, na duba, na ce irin miyar kukar da Umma ta tsinka da ruwa don baƙi sun yi yawa. Ya yi dariya ya ce ciki ne ke damuna. A cikin sanyi irin wannan, in ji shi, ruwa kwanciya yake ya yi haske. Ya ce in ba shi fari.

Ba ya amfani da sanda. Zare ne naɗe a gwangwani. Ya soka 'yar hantar kaza a ƙugiyar, ya wulwula ya jefa, sannan ya riƙa ɗagawa yana saki da yatsa ɗaya, a hankali. Ban taɓa ganin hannu mai natsuwa irin nasa ba. Amma ruwa shiru. Ya karɓi ja, shiru. Ya karɓi rawaya, ya koma fari. Rana ta yi sama. Abba ya zuba masa shayi. Ya kasa zama, ya je mota ya dawo, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya sake komawa mota.

Ni da zama ya ishe ni, sai na koma gefe ina wasa. Na ɗaura ragowar kawunan a zare ina saukar da su cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Farin yana shiga ya rine ya zama kore, ya ɓace. Jan ya koma kamar laka. Sai na kwance bakin mayafina na saukar da nawa. Ya yi ƙasa, ya ƙara ƙasa, ina ganinsa ɗil kamar buzuzu a cikin koren nan mai haske, har ya wuce inda sauran suka ɓace.

Ku da kuka tashi a gida kun san nauyin abin da ya rage. Yarinya, mace, wadda ba ta taɓa ganin Kwara ba, ta gaya wa tsohon masunci ya yi kuskure a kan ruwa. Na je na tsuguna kusa da shi. Na ce, "Kaka, ruwan nan ba ya nuna fari. Baƙi yake nunawa." Abba ya harare ni. Na sunkuyar da kai, amma ban janye ba.

Kaka ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce in tsoma hannuna in gaya masa inda ya ɓace. Na tsoma, na ce iya wuyan hannu. Ya girgiza kai.

"Ashe duk safiyar nan a Kwara nake su, ku kuna nan," in ji shi. Ya miƙo tafinsa. "Ba ni mummunan nan da kika ɓoye."

Ban san yadda aka yi ya sani ba. Daga baya ya ce tun a mota yake jin warin sabon fenti a mayafina. Ya ɗaura shi da kansa, ya ja ƙullin da haƙori, ya jefa.

A daidai nan muka jiyo kiran sallar azahar daga wani masallacin gona can nesa. Abba ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. Kaka yana amsa kiran a hankali, yatsansa kuma bai daina ɗagawa da saki ba. Zan faɗi gaskiya, tunda duk sun riga mu gidan gaskiya: ladan ya sauke kafin komai ya faru. Na sani, Abba ya sani, Kaka da kunnensa ke jin zubar shayi daga wani ɗaki ya fi mu sani. Babu wanda ya motsa. Ni dai ina kallon zaren, har na ga ya miƙe ya yi tsaf.

Tsohon nan da muke riƙe wa hannu ya hau matakala, sai ga shi tsaye da ƙafafunsa. Yana ja, yana saki, yana magana da abin da ke cikin ruwan kamar mai lallashin jaki. Abba ya shiga ruwa da takalminsa na aiki ya tallabo shi. Tarwaɗa ce, baƙa, ta kai tsawon hannuna har kafaɗa. Kaka ya durƙusa ya shafa kanta, ya bi gashin bakinta da yatsa, ya gane ta.

"Ikon Allah, 'yar garinmu," ya ce. "Ke kuma wa ya yi miki iƙamar zama a ƙasar nan? Waye kafilinki da ya tsaya miki?"

Abba na dariya, hawaye na zuba. Da ya natsu sai ya ce, cikin jin nauyi, ruwan nan daga magudanan gari yake fitowa, an ce kada a ci kifinsa. Na zaci Kaka zai yi faɗa, don masunci ba ya mayar da abin da ya kama. Sai ya cire ƙugiyar a hankali, ya tura tarwaɗar cikin ruwa da hannu biyu. Ya ce da shi da ita duk baƙi ne a nan, ta je ta ji da zafin ƙasar. Muka yi alwala da ruwan jarka, ya ja mu salla a kan dutsen. A hanyar komawa ya tambayi Abba ranar da likitan ya sa.

An yi aikin, Allah ya ba da sa'a. Ranar da aka cire masa bandeji ina tsaye a gefen gado. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce an ha'ince shi, ashe amaryar ba ta da haƙoran gaba. Kafin ya koma gida ya sa Abba ya sake kai mu Ha'ir. Ya tsaya a kan dutsen nan ya dubi ruwan da idonsa, ya ce lallai miyar kuka ce, kuma mai rowa ce ta kaɗa ta. Sai ya juya wajen Abba ya ce, "Daga yau, abin da yarinyar nan ta ce ta gani, ta gani."

Ban taɓa samun takardar shaida da ta kai wannan maganar ba. Sai da na haifi ɗana na uku, bayan mun dawo gida, na shiga ajin yaƙi da jahilci. Duk ranar da kunya ta hana ni ɗaga hannu a gaban malama, maganar nan nake tunawa in ɗaga. Baƙin kan kuwa Kaka ya tafi da shi Yawuri. Ya aiko mana da kaset yana cewa wani giwan ruwa ya tsinke zaren ya gudu da shi, kuma bai ji haushi ba, don ba ƙaramin kifi ne ya raba su ba.

Yanzu an ce wurin nan na Ha'ir ya canja, an gyara shi, iyalai na zuwa shan iska. Kawunan ƙugiya kuma a leda ake sayen su, launi iri-iri, har da masu walƙiya, babu mai narka dalma a saman bene. Babban ɗana ya gado jinin, in muka je Yawuri hutu ba ya zama a gida. Kwanan baya ya baje nasa a gabana, yana duba waya wai a gaya masa wanda ya fi kama kifi. Da ya gaji ya ce, Umma, wanne zan ɗaura? Ban zaɓar masa ba. Na ce ya ajiye wayar, ya je bakin kogi ya tsoma hannunsa, ya dawo ya gaya mini inda ya ɓace.