Malam Aƙilu da Babur Mai Cizon Ƙwauri

Mijin yayata Rakiya, Malam Aƙilu, malamin gona ne, kuma duk unguwar Limancin Kona babu mai gaisuwa irinsa. Ko akuyar mutum ya gani sai ya tambayi lafiyar mai ita. Ni ƙanin matarsa ne, don haka ina da lasin faɗar abin da na ga dama a kansa.

Shekarar da aka koma tuƙin dama ofis ta ba shi babur. Daga gidansa zuwa Ƙofar Kuyambana, inda ake fita daga birni, tafiyar minti biyar ce, amma Malam sai ya yi awa. Ya ga mutum, ya taka birki, ya sa ƙafa ƙasa, inji a kunne yana sulo, shi yana "ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki." Kafin ya kai kan mutum na shida inji ya yi zafi kamar tandar waina. Wando biyu suka yi baƙi, ƙwaurinsa ya saɓule, Rakiya ta ƙarar da man kaɗanyarta.

Na ce, "Malam, tsire kake gasawa ne? A ba ni yaji in biyo ka."

Ya ce, "Kai da ka gudo daga aji biyar, me ka sani?"

Ya kai babur ɗin wajen Seth, wani bakanike a Wusasa. Seth ya duba ya ce, "Lafiyarsa lau. Iska ce ke sanyaya injin nan, sai yana tafiya. In ka tsaya, ka kashe shi."

Washegari ya kashe a ƙofar Malam Jumare, tsohon da ya koya masa karatu. To, a birni in ka kashe inji, zama ka zo yi. Kafin ya ce uffan an shimfiɗa buzu, an aika a kawo kunu. Ranar sai hantsi ya isa ofis. Babban akawu ya ce in ya sake makara, akwai wanda ke jiran babur ɗin.

Na ba shi shawara kyauta: ya wuce da gudu, ya ɗaga hannu kawai. Ya dube ni kamar na ce ya sha giya.

"In wuce Malam Jumare da ɗaga hannu? Gara su karɓi abinsu."

Kwana biyu bai ci tuwo sosai ba. Ran na uku, ana idar da asuba ya karya kumallo, ya riƙe ƙahon babur, ya kama turawa a ƙasa. Mai tura babur ba a shimfiɗa masa buzu, an ga yana da aiki a hannu. Ya gaisa da kowa har ya ƙoshi, inji a sanyaye, sai a bakin Ƙofar Kuyambana ya buga ya hau.

Shekara shida ke nan yana haka, bai ƙara makara ba, har ƙiba ya yi. Gaisuwa dai ta ƙaru da ɗaya, don kullum sai wani ya ce, "Sannu Malam, yau ma ya ƙi tashi?" Shi kuwa ya yi murmushi ya ce, "A'a, Allah gafarta Malam, ban tashe shi ba tukuna."